Malaman Kirista a Majalisun Bagadaza: Tarihin Wata Al'adar Ilimi

Tsakanin ƙarni na 8 da na 11 Miladiyya, a ƙasashen Iraƙi da Sham, an yi wata al'adar ilimi wadda ba a cika ba ta haƙƙinta ba idan ana koyar da tarihin ikilisiya, wato al'adar da malaman Kirista suka ɗauka ta karanta Alƙur'ani da littattafan malaman Musulunci da falsafar Girkawa, sannan su koma su sake bayyana abin da suka gaskata da harshen Larabci. Ilimin tauhidi, wanda a wurin Kirista yake nufin nazarin zatin Allah da ayyukansa da abin da ya bayyana wa ɗan Adam, ya shiga wani sabon hali a hannunsu, domin sun sami kansu a gaban maƙwabta masu kaifin tambaya waɗanda ba su yarda da Linjila a matsayin hujja ba, kuma ba su san kalmomin Girkanci da Suryanci da aka gada daga tarurrukan bishop-bishop na farko ba. Abin da rubuce-rubucensu suke nunawa shi ne, waɗanda suka fi zurfafa a sanin addinin maƙwabtansu su ne kuma suka fi iya faɗin dalilin bangaskiyarsu.

Lokacin da Halifa Mansur ya kafa Bagadaza a 762, Kiristocin yankin sun riga sun rabu gida uku, kuma tushen rabuwar shi ne saɓani a kan yadda allahntaka da mutuntaka suka haɗu a cikin Almasihu. Malkiyawa, wato mutanen sarki, su ne suka karɓi hukuncin taron Kalsidon na 451 tare da sarkin Rumawa. Yaƙubawa suka ƙi wannan hukunci, suna jaddada cewa ɗabi'ar Almasihu ɗaya ce bayan da ya zama mutum. Ikilisiyar Gabas kuwa, wadda abokan saɓaninta suke kira Nasturawa, ta girma ne a ƙarƙashin sarakunan Farisa, kuma ita ce ta fi ƙarfi a Iraƙi. Wannan ikilisiya ta ƙarshe ta gaji makarantar Nasibin, wadda ta bunƙasa bayan da Sarki Zeno ya rufe makarantar Ruha a 489, inda ɗalibai suke koyon karatu da tafsirin Littafi Mai Tsarki tare da manɗiƙi, wato ilimin auna hujja da Aristotil ya tsara. Saboda haka da halifofin Abbasiyawa suka nemi likitoci da magatakarda da masu fassara, a cikin ɗaliban irin waɗannan makarantu suka samu da yawa daga cikinsu, kamar Jurjis ɗan Bukhtishu wanda aka kira daga Jundishapur a 765 don ya yi wa Mansur magani.

Ba da fahimta aka fara ba. Yohanna na Dimashƙu, wanda kakansa da mahaifinsa suka riƙe harkar kuɗi a fadar Umayyawa, kuma ya rasu a wajajen 749, ya san wasu surori na Alƙur'ani, amma da Girkanci ya yi rubutu, domin Kirista ya rubuta, kuma ya jera Musulunci cikin jerin bidi'o'in da suka ɓalle daga Kiristanci, da lafazi mai zafi. Irin wannan rubutu yana iya ƙarfafa wa mutum gwiwa a cikin gidansa, sai dai ba ya tilasta masa ya sake duba nasa bayanin, tunda wanda ake magana a kansa ba zai karanta ba balle ya mayar da martani. Canjin ya zo ne da komawa Larabci. A gidan zuhudu na Dutsen Sina'i an adana wata maƙala ta ƙarni na 8 a kan kaɗaitakar Allah da Triniti, wato koyarwar Kirista cewa Allah ɗaya ne, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, kuma marubucinta, wanda bai sa sunansa ba, ya buɗe ta da addu'a mai kari irin na Alƙur'ani, ya kuma kawo ayoyinsa kusa da na Attaura da Zabura da Linjila. Margaret Gibson ce ta fara buga ta a 1899.

Mutumin da al'adar ta fi bayyana a rayuwarsa shi ne Timotawus na Ɗaya, wanda ya shugabanci Ikilisiyar Gabas daga 780 zuwa 823, ya kuma mayar da mazauninsa daga Mada'in zuwa Bagadaza. A wajajen 781 Halifa Mahadi ya zauna da shi kwana biyu yana yi masa tambayoyi, daga baya Timotawus ya rubuta yadda zaman ya gudana a wata wasiƙa da Suryanci. Halifan ya tambaye shi yadda mai hankali zai ce Allah yana da Ɗa, da ko uku ba su kore ɗaya ba, da ko an gicciye Almasihu, da ko an sauya Attaura da Linjila, da kuma abin da yake cewa game da Annabi Muhammadu. Duk Kiristan da ya tashi a Zariya ko Kano ko Maraɗi zai gane waɗannan tambayoyi, domin kusan su ne maƙwabcinsa yake yi masa har yau, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa makarantun tauhidi na ƙasar Hausa su san wasiƙar.

Amsoshin Timotawus sun nuna mutum wanda ya karanta littafin mai tambayarsa. A kan batun Ɗa, ya fara da kore abin da halifa yake ƙi, ya ce Kirista ma ba su yarda cewa Allah ya yi aure ko ya haihu irin haihuwar jiki ba, sannan ya bayyana cewa haihuwar da suke nufi ta tun fil'azal ce, kamar fitowar magana daga rai, ya kuma tuna masa cewa Alƙur'ani da kansa ya kira Isa kalmar Allah da ruhi daga gare shi. A kan zargin sauya littattafai, ya kafa hujja da cewa Yahudawa da Kirista, duk da gabar da ke tsakaninsu, littafin Tsohon Alkawari ɗaya suke riƙe da shi, kuma ba zai yiwu maƙiya biyu su haɗa baki su yi sauyi iri ɗaya ba. Game da Annabi Muhammadu kuwa, ya yabe shi da cewa ya raba mutanensa da bautar gumaka ya kai su ga Allah ɗaya, kuma ta wannan fuska ya bi tafarkin annabawa, amma ya tsaya a kan cewa Mai Taimako da aka yi alkawarinsa a Bisharar Yohanna Ruhu Mai Tsarki ne, ba Annabi Muhammadu ba. Kusa da ƙarshe ya kwatanta mutanen duniya da jama'ar da ke cikin ɗaki mai duhu aka jefo musu lu'ulu'u, kowa ya damƙi wani abu yana cewa shi ne a hannunsa, alhali sai gari ya waye za a tantance wanda ya riƙe lu'ulu'un da wanda ya riƙe tsakuwa, ko da yake ya ƙara da cewa hasken lu'ulu'un yana ɗan bayyana tun a wannan duniya ta hanyar ayyukan kirki da mu'ujizai. Masu ganin wannan magana sassauci ce don gudun fushin sarki ba su yi masa adalci ba, domin a zaman nan bai saki ko ɗaya daga cikin ginshiƙan koyarwarsa ba, sai dai ya ware abin da Kirista suke faɗa daga abin da ake zaton suna faɗa, kuma ba ya iya yin haka sai da ya san zaton ciki da waje.

Sauran wasiƙunsa, waɗanda kusan 59 suka tsira, sun nuna cewa son binciken nan bai tsaya a kan Musulunci ba. Bisa umarnin Mahadi ya fassara littafin Aristotil a kan dabarun jayayya zuwa Larabci tare da taimakon Abu Nuhu na Anbar. Ya sa magatakarda sun kwafi fassarar Suryanci ta Tsohon Alkawari wadda ke ɗauke da alamomin bambancin nassi da malamin Kirista Orijin ya tsara, aikin da ya ɗauki kusan wata shida kuma ya raunana masa ido. Da labari ya iso masa daga wasu Yahudawa cewa an tsinci littattafan Ibrananci a wani kogo kusa da Yariko, sai ya rubuta wa abokansa a Sham su bincika masa ko a cikinsu akwai ayoyin da Sabon Alkawari ya ambata amma ba a same su a kwafin da ke hannun mutane ba. Wannan shugaba ne kuma ya naɗa manyan bishop-bishop domin ƙasashen Turkawa da Sin, abin da ke nuna cewa a wurinsa bincike da wa'azi ba su taɓa zama kishiyoyi ba.

A ɓangaren Malkiyawa, Tawudurus Abu Ƙurra, mutumin Ruha wanda ya zama bishop na Harran, yana cikin na farko da aka sani da suna da suka rubuta tauhidin Kirista da Larabci. A maƙalarsa kan samuwar Mahalicci da addinin gaskiya, ya ɗauki matsayin mutumin da ya girma a kan dutse bai san kowane addini ba, ya sauko cikin gari ya tarar da masu bautar taurari da Majusawa da Samariyawa da Yahudawa da Kirista da mabiyan Mani da na Markiyon da na Bardaisan da Musulmi, kowane rukuni yana cewa shi ne mai gaskiya. Ya bayyana koyarwar kowanne a taƙaice, sannan ya nemi ma'aunin da hankali zai yarda da shi ba tare da an fara jingina ga wani littafi ba, wato abin da addinin yake faɗa game da Allah, da halal da haram, da sakamako a lahira. Ya kammala da cewa Linjila ce ta cika ma'aunin, kuma babbar hujjarsa a fagen ɗabi'a ita ce umarnin ƙaunar maƙiyi. Mai karatu yana iya cewa ya san inda zai sauka tun kafin ya fara tafiya, kuma akwai gaskiya a wannan suka. Duk da haka, bishop da ya yarda ya jera addininsa a sahu ɗaya da wasu takwas ya nemi dalilin fifita shi ya koya wa mabiyansa cewa gado kaɗai ba hujja ba ne.

Inda nazarin ya fi yin zurfi shi ne mas'alar sifofin Allah. A wannan zamani malaman kalam, wato masu kare aƙidar Musulunci da hujjojin hankali, suna muhawara a tsakaninsu kan ko sifofi irin su rai da sani da magana wasu abubuwa ne tabbatattu a zatin Allah tun fil'azal, ko kuwa sunaye ne kawai na zati ɗaya, kamar yadda Mu'utazilawa suka karkata don gudun kada a ce akwai dawwamammu da yawa. Malaman Kirista suka lura cewa wannan muhawara ta taɓo tambayar da koyarwar Triniti take amsawa, wato yadda za a tabbatar wa Allah yawa ta wata fuska ba tare da an rushe kaɗaitakarsa ba. Abu Ra'iɗa na Tikrit daga Yaƙubawa da Ammar na Basra daga Ikilisiyar Gabas suka shiga ta wannan ƙofa. Ammar, a littafinsa Kitabul Burhan, ya ce wanda ya kira Allah rayayye mai magana amma ya hana masa rai da kalma ya bar sunayen babu ma'ana, sannan ya bayyana cewa abin da Kirista suke kira Ɗa shi ne Kalmar Allah ta har abada, abin da suke kira Ruhu kuma shi ne Ransa. Hujjar ta yi ƙarfin da Abul Huzail al-Allaf, jagoran Mu'utazilawan Basra, ya rubuta littafi musamman don yi wa Ammar raddi, kamar yadda Ibn Nadim ya ambata a Fihrisarsa.

Malaman Musulunci kuma ba su bar hujjar ta wuce haka nan ba. Abu Isa al-Warraƙ a ƙarni na 9, da Baƙillani wanda ya rasu a 1013, sun tambayi dalilin da zai sa a tsaya a kan rai da magana, alhali Allah mai iko ne mai ji mai gani, wanda ke nufin idan kowace sifa za ta zama uƙnumi, wato ɗaya daga cikin ukun da Kirista suke ambata, to adadin zai wuce uku. Tambayar ta taɓa wuri mai rauni, domin a koyarwar ikilisiya Uba da Ɗa da Ruhu ba sifofi ba ne kawai, kuma wanda ya matsa wa kwatancen lamba zai faɗa cikin tsohon kuskuren da ya mayar da su fuskoki uku na abu guda. Dole ta sa malaman Kirista suka bambanta sifofin zati da sifofin aiki, suka kuma ƙara fitowa fili da cewa hankali yana iya nuna cewa koyarwar ba ta cin karo da kanta, amma sanin ta daga wahayi yake zuwa. Abokin muhawara mai gaskiya ne ya nuna musu iyakar hujjarsu, abin da zai yi wuya su gani da a tsakaninsu kaɗai suke magana.

Hunain ɗan Ishaƙ, mutumin Hira wanda ya rayu daga 809 zuwa 873, an fi saninsa da fassara littattafan likitancin Jalinus, kuma a wata wasiƙa ya lissafa 129 daga cikinsu, ya bayyana yadda yake tara kwafi da dama na Girkanci ya gwama su kafin ya fara fassara, da yadda ya bi Iraƙi da Sham da Falasɗinu da Masar yana neman littafi guda har ya sami kusan rabinsa a Dimashƙu. Da abokinsa Musulmi Ibn Munajjim ya rubuto masa yana kiransa zuwa Musulunci, Hunain ya amsa da bayanin dalilan da suke sa mutane karɓar addini ba don gaskiyarsa ba, irin su tilas, da neman sauƙi ko ɗaukaka, da ruɗin mai iya baki, da jahilci, da zumuntar jini, sannan ya kawo dalilan da suke sa a karɓi gaskiya don kanta. Ma'aunin da ya kafa yana yanka ta kowane ɓangare, domin Kiristan da ya karanta shi dole ya tambayi kansa ko shi ma don iyayensa kawai yake cikin ikilisiya.

Bai kamata a ɗauka zamanin na daidaito ba ne. Kirista 'yan amana ne masu biyan jiziya, akwai maganganun da ba su isa su furta a gaban sarki ba, kuma a 850 Halifa Mutawakkil ya kafa musu dokoki masu tsanani a kan sutura da wuraren ibada da aikin gwamnati. A wannan zamani ne Jahiz ya rubuta raddinsa mai kaifi a kan Nasara, Aliyu ɗan Rabban Ɗabari kuma, likita Kirista mai zurfin karatu, ya musulunta a tsufansa ya yi amfani da saninsa na Littafi Mai Tsarki wajen kare sabon addininsa. Ke nan ilimi bai zaunar da kowa a inda ya same shi ba, kuma adadin Kirista a Iraƙi ya ci gaba da raguwa ƙarni bayan ƙarni. Amma majalisun muhawara sun ɗore. Humaidi ya ruwaito labarin wani malamin Andalus da ya ziyarci Bagadaza a ƙarshen ƙarni na 10 ya halarci zaman da ya haɗa Musulmi da Yahudawa da Kirista da Majusawa da waɗanda ba su yarda da Mahalicci ba, inda aka shardanta cewa kada kowa ya kafa hujja da littafinsa sai da hankali, abin da ya ɓata masa rai har ya daina zuwa.

A irin wannan Bagadaza Yahaya ɗan Adi ya yi fice. An haife shi a Tikrit a 893, ya yi karatu a wurin Abu Bishr Matta, Kirista, da Farabi, Musulmi, ya zama jagoran masu falsafar Aristotil a birnin har rasuwarsa a 974, kuma ɗalibansa sun haɗa da Musulmi da Kirista. Ba limami ba ne, da kwafin littattafai yake cin abinci, kuma Ibn Nadim, wanda ya san shi a kasuwar masu sayar da littattafai, ya ruwaito cewa ya kwafi tafsirin Alƙur'ani na Ɗabari (wani Ɗabarin ne daban, ba likitan da ya musulunta ba) sau biyu da hannunsa, ban da littattafan malaman kalam masu yawa. Mutumin da ya bi wannan tafsiri mai mujalladai da yawa kalma bayan kalma shi ne ya rubuta bayanin Triniti da na zaman Almasihu mutum da ikilisiyoyin Larabci suka fi dogara da shi, inda ya kwatanta ukun da hankali tsantsa da mai hankalta da abin da aka hankalta, waɗanda a wurin Allah mai sanin zatinsa ba su rabu ba. Hanyarsa ta raddi ta cancanci a tsaya a kanta: yakan kawo maganar abokin jayayya cikakkiya, sakin layi bayan sakin layi, kafin ya amsa. Saboda wannan amana tasa ne raddin Warraƙ a kan ƙungiyoyin Kirista uku da gajeren raddin masanin falsafa Kindi a kan Triniti suka iso wannan zamani, domin a cikin littattafan Yahaya aka same su. Ya kuma rubuta Tahzibul Akhlaƙ a kan gyaran hali, wanda Musulmi suka yi ta kwafa har wasu kwafe-kwafen suka jingina shi ga Jahiz ko Ibn Arabi.

Al'adar ta ci gaba a ƙarni na 11 ta hannun Iliya, babban bishop na Nasibin, wanda ya yi zama bakwai da waziri Abul Ƙasim al-Magribi a 1026, da Ibn Ɗayyib wanda ya rasu a 1043, limami kuma likita a asibitin Adudi, mai tafsirin Bishara da Zabura da littattafan Aristotil. Lokacin da Mongol suka ci Bagadaza a 1258 cibiyar ta riga ta koma Masar, inda malaman Kibɗawa na gidan Assal suka tara wannan gado, har Safi ɗan Assal ya taƙaita rubuce-rubucen Yahaya da na Ammar duk da cewa Ammar na ikilisiyar da Kibɗawa suke saɓani da ita ne. Daga Masar tafsirin Ibn Ɗayyib ya shiga Habasha aka fassara shi zuwa Ge'ez, ya zama ɗaya daga cikin tushen tafsirin gargajiya da ake koyarwa a makarantun ikilisiyar ƙasar. A zamanin nan kuma Luwis Shaikho ya fara buga waɗannan nassoshi a mujallar al-Mashriƙ da ya kafa a Beirut a 1898, Alphonse Mingana ya fitar da muhawarar Timotawus da Mahadi tare da fassarar Turanci a 1928, Georg Graf kuma ya lissafa marubutan Kirista na Larabci da kwafe-kwafen littattafansu a mujalladi biyar tsakanin 1944 da 1953.